Layi Biyu da Sahura Ta Tsallake

Ranar Laraba ce, ina bakin kwata a Kadawa,
ina fama da injin ban-ruwa, ya ƙi tashi,
sai ga Sahura tafe da hantsi,
lokacin da ya kamata a ce tana aji,
takalmanta a hannu don kada laka ta ci su.

Ta miƙo mini takarda, ninki huɗu.
Ni ajami na sani, shi ma da dogarawa;
boko a idona tururuwa ce ta kama layi.
Na goge baƙin mai a gefen wando,
na ce, karanta mini.

Ta gyara murya irin ta malamarsu:
“Hukumar makaranta tana gaishe ka,
tana tambayar iyali da amfanin gona.”
Sai ta yi shiru.
Na ga yatsanta ya tsallake layi biyu
kamar mai tsallake ƙaya.
“Sun ce, in ka samu hali.”

Na san Malam Isiyaku mai makaranta.
Bai taɓa rubuta wa kowa “in ka samu hali” ba.
Ka ji ikon Allah:
kuɗin zango takwas da na biya
su suka koya mata karanta takardar korarta.

Ɗaki biyar ne, bulo ba filasta,
a bayan injin niƙan Garzali.
In injin ya tashi, malamai sai ɗaga murya.
Maƙwabta sun ce, Haladu, ga ta gwamnati kyauta,
me ya kai ka?
Na taɓa leƙa ta ai.
Na ƙirga kawuna har na gaji,
ban ga mai riƙe da alli ba.

Sai dai ba su yi ƙarya duka ba.
Kuɗin jarrabawa ya ci akuyar Furera,
kuɗin riga ya ci adashinta,
akwai wani wai shi kuɗin bikin ƙarshen shekara
wanda har yau ban gane kansa ba.
Bana kuwa tumatir ya faɗi a Kwanar Gafan,
kwandon ya fi abin da ke cikinsa daraja.

Washegari na tafi da maganganu cike da baki,
na jera su tun daga gida, masu zafi a gaba.
Na iske shi a kan benci, ƙusa a leɓe,
yana toshe kwanon da ya huje.
A ƙasa Malama Zilai ce, da goyo,
tana riƙe masa guduma
tana tuna masa albashinta na wata biyu,
a hankali, don kada yara su ji.

Maganganuna suka huce a bakina.
Ashe dukkanmu rijiya ɗaya muke ja,
igiyar ce ba ta kai ba.

Muka zauna ƙarƙashin darbejiya.
Buhun albasa ɗaya yanzu, malamai su raba,
saura in an yanke alkama.
Ya rubuta, na dangwala.

Da dare tana kan tabarma da tocila a haɓa,
tana raba lambobi masu wutsiya.
Na ce, Sahura, layi biyun nan,
me suka ce?

Ba ta ɗago ba.
“Turanci ne mai wuya, Baba,
ba a koya mana shi ba tukuna.”

Ita da ta zo ta biyu a Turanci,
har aka ba ta littafi da biro ja.

Na ce, to, ki dage.
Na fita duba awaki,
ko da yake saura ɗaya,
kuma na riga na ɗaure ta tun magariba.